Farin ɗigo a jikin kifin teku: yadda ake maganinsa a tanki

Ka tashi da safe ka kunna fitilar tanki, sai ka ga kifin tang ɗinka, wani irin kifin ado na teku, da ɗigo-ɗigo farare guda biyar ko shida a fiffike da gefen ciki, kamar an barbaɗa masa gishiri. Yana goga jikinsa a dutse, yana ɗan girgiza kai. Bayan kwana uku ɗigon sun ɓace, jiki ya yi sumul. A nan ne yawancin masu kiwon kifin ado suke ruɗuwa, su ce ya warke, su ba tafarnuwa ko wani ruwan kwalba da suka zuba lada. Mako biyu bayan haka sai ɗigon su dawo, wannan karon ba a iya ƙirga su, kuma ba kifi ɗaya ba.

Ƙwaron da ke wannan aiki sunansa Cryptocaryon irritans, halitta ce mai ƙwayar rai guda ɗaya, jikinta lulluɓe da 'yan gasu da take iyo da su. A Japan aka fara ba da rahoton cutar a shekarun 1930, sannan wata mai bincike, Eleanor Brown, ta raɗa wa ƙwaron wannan suna a 1951. Kama yake yi da ciwon farin ɗigo na kifin ruwan daɗi, amma ba dangi na kusa ba ne, kuma wasu dabarun da ke cin wancan ba sa cin wannan. Duk wanda zai yi maganinsa sai ya fara haddace zagayen rayuwarsa, domin kowace doka ta magani daga nan ta fito.

Ƙwaron yana huda fatar kifi ko kunnuwansa, wato jan naman nan na ƙarƙashin marfin kai da yake numfashi da shi, ya shige ƙarƙashin fata ya zauna yana ci tsawon kwana 3 zuwa 7. Farin ɗigon da kake gani kumburin fata ne da yauƙin da jikin kifi ya tara a kansa. A wannan lokaci babu maganin ruwa da ke isa gare shi. Idan ya ƙoshi sai ya faɗo, galibi da dare, ya yi 'yan sa'o'i yana rarrafe a ƙasan tanki, ya manne a dutse ko yashi ko gilashi ko cikin famfo, ya rufe kansa da kwanso mai tauri. A cikin kwanson yake rarrabuwa, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, har su kai wajen ɗari biyu. Nan ma magani ba ya ratsa shi. Yawanci yakan fashe tsakanin kwana 3 da 28, amma an samu wanda ya kai kwana 72. Da ya fashe, 'ya'yan sai su bazu cikin ruwa, galibi cikin duhun asuba lokacin da kifi ke kwance kusa da ƙasa. Suna da kwana ɗaya zuwa biyu su sami kifi ko su mutu, kuma ƙarfinsu na kamawa yana cikin sa'o'in farko ne.

Ka ga ke nan a duk wannan zagaye, ƙofa guda ce a buɗe sosai: lokacin da 'ya'yan ke iyo tsirara a ruwa. Maganin da ka zuba ba ya warkar da ɗigon da ke jikin kifi. Gadi yake yi, yana jiran ranar da kwanso zai fashe. Idan a daren da ya fashe ƙarfin maganin ya sauka ƙasa da ƙa'ida, ko na sa'o'i kaɗan ne, an koma gidan jiya, sai ka soma ƙidayar kwana daga farko. Shi ya sa a wannan aiki kalanda da kayan awo sun fi idonka gaskiya.

Ka tabbata shi ne

Kafin ka taɓa kwalbar magani, ka kashe fitilun ɗaki, ka haska kifin da tocila daga gefe. Farin ɗigo ƙwayoyi ne daban-daban, ana iya ƙirga su, girman ƙwayar gishiri. Idan abin da ka gani kamar an yayyafa gari ne, mai ɗan ƙyallin ruwan gwal, kifin yana haki, yana tsayawa a bakin famfo inda ruwa ke fesowa, yana gudun haske, to wannan Amyloodinium ocellatum ne, wanda ake kira ciwon karan-miski. Shi ba ya jira. Kwansonsa guda yana iya fitar da 'ya'ya 256, kunnuwa yake fara ci, kuma yana iya share tanki cikin kwana biyu ko uku. Idan kuwa kifin kilawun (clownfish) ne, fatarsa tana saɓulewa kamar farin yauƙi mai kauri, ya fi kama da ciwon wani ƙwaro mai suna Brooklynella, kuma maganinsa wanka da sinadarin fomalin ne. Farin ƙullutu mai kama da dunƙulen auduga a bakin fiffike, wanda ya yi makonni a wuri ɗaya bai motsa ba, yawanci bairos ne, abinci mai kyau da ruwa mai tsabta ne maganinsa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama a kan tsutsotsin fata. Ka tanadi ruwan daɗi marar kulorin a roba mai duhun launi, zafinsa da pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, daidai da na tanki, ka sa masa iska, ka tsoma kifin na minti biyar. Idan tsutsotsi ne, bayan minti uku ko huɗu za ka ga sun yi fari suna zubowa kamar ƙwayar riɗi. Wannan tsomi yana sassauta wa mai ciwon karan-miski ma, ya ba shi numfashi kafin magani ya kama. Ga farin ɗigo kuwa amfaninsa kaɗan ne, tunda ƙwaron yana can ƙarƙashin fata. Kifi yakan kwanta a gefensa a minti na farko, wannan ba abin tsoro ba ne. Idan ka taɓa shi bai motsa ba, ko ya fara zabura yana neman tsalle, ka ciro shi.

Tankin jinya

Ba a yin magani a babban tanki mai murjani da duwatsu. Duk maganin da ke kashe wannan ƙwaro da gaske yana kashe murjani, jatan lande, ƙaguwa da katantanwa, sannan dutsen murjani da yashinsa suna tsotse maganin su rikita maka awo. Kuma duk kifin da ke tankin ne za su fito, har wanda jikinsa sumul yake. Kifi yana iya ɗauke da ƙwaron a kunnuwa ba tare da ɗigo ko ɗaya a waje ba. Ka bar guda ɗaya a ciki, ka bar wa cutar gona.

Tankin jinya ba ya son kwalliya. Gilashi tsirara, babu yashi, babu dutse. Gutsattsarin bututun roba na famfo masu lanƙwasa, kowane kifi ya sami inda zai ɓuya. Matatar soso mai aiki da iska, hita, ma'aunin zafi, da murfi, domin kifin da ya firgita tsalle yake yi. Zafi ya tsaya wajen digiri 25 zuwa 26. Ka nisanta shi da babban tanki kamar mita uku saboda feshin kumfa, kuma koma, bokiti da tiyo kowane tanki da nasa.

Abin da ya fi kashe kifi a tankin jinya shi ne ammoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, sai a ɗora wa magani laifi. Sabon soso babu ƙwayoyin bakteriya masu narkar da kashin kifi a jikinsa, shi ya sa masu hangen nesa suke ajiye soso guda a cikin matatar babban tanki ko da yaushe. Idan ba ka da shi, ka zuba bakteriyar kwalba, ka manna alamar nan mai sauya launi da ke nuna ammoniya a gilashi, ka ajiye ruwan gishiri haɗaɗɗe a gefe, ka riƙa zuƙe kashi da ragowar abinci kullum da yamma.

Jan ƙarfe

Wannan shi ne maganin da aka fi dogara da shi, kuma yana cin karan-miski ma, wanda babbar fa'ida ce idan kana shakkar wanne ne. Amma guba ne, tazarar da ke tsakanin abin da ke kashe ƙwaro da abin da ke kashe kifi siririya ce. Kuma iri-iri ne, kowane da lambarsa. Jan ƙarfe tsantsa, irin na salfet, ana riƙe shi a miligiram 0.15 zuwa 0.20 a kowace lita. Na kwalba mai suna Cupramine ana kai shi 0.5. Waɗanda aka ɗaure da wani sinadari don su yi sauƙi a jikin kifi, irin Copper Power, ana riƙe su tsakanin 2.0 da 2.5. Wanda ya ɗauki lambar wannan ya yi aiki da ita a kan wancan, ko dai ya kashe kifinsa a dare ɗaya, ko ya yi wata guda yana zuba ruwan banza. Kayan gwajin ma sai sun dace da irin da ka saya. Masu kwatanta launi da ido suna da wuyar karantawa, na'urar lantarki irin ta Hanna mai nuna lamba ta fi kwanciyar hankali, kuma a ganina kuɗinta bai kai na kifi ɗaya mai tsada ba.

Ka auna ruwan da ke cikin tankin da kanka, kada ka bi abin da aka rubuta a kwali. Tsawo sau faɗi sau zurfin ruwa a santimita, a raba da dubu. Tanki mai 60 da 30 da 36 ana kiransa mai lita 65, amma idan ruwan ya tsaya a santimita 30, lita 54 ke ciki. Umarnin Cupramine shi ne mililita 1 ga kowace lita 40, a jira sa'o'i 48, a maimaita. A lita 54 jimillar ta zama mililita 2.7. Wanda ya yi lissafi da 65 zai zuba 3.25, ruwansa ya haura 0.6, ya shiga yankin haɗari bai sani ba. Da sirinji ake aunawa, ba da murfin kwalba ba.

Idan cutar ba ta yi tsanani ba, gara ka raba jimillar gida huɗu ko biyar, ka kai ƙa'ida cikin kwana huɗu zuwa biyar, kana lura da cin abinci. Kifin da ya daina ci kwana biyu a jere yana gaya maka ka dakata a inda kake. Idan karan-miski ne babu wannan sararin, cikin kwana ɗaya zuwa biyu za ka kai. Ƙidayar kwana tana farawa ne daga ranar da awo ya nuna ka kai ƙa'ida. Daga nan kwana 30 idan kifin zai ci gaba da zama a tankin. Akwai hanya mafi sauƙi ga kifi: kwana 14 cur a cikin magani, sannan a ɗauke shi zuwa wani tanki sabo fes wanda bai taɓa haɗa komai da na farko ba. Hikimar ita ce duk ƙwaron da ke jikinsa ya riga ya faɗo, sabo bai samu shiga ba, kwansunan kuma an baro su a baya.

Kurakuran da ake yi a nan kusan kullum iri ɗaya ne. Na farko canjin ruwa: mutum ya cire rubu'in ruwa ya zuba sabo marar magani, yana cewa zai ƙara daga baya. Ka sa wa sabon ruwan maganinsa tun yana bokiti, ka auna, sannan ya shiga. Na biyu gawayi a cikin matata, wanda ke tsotse maganin. Shi da fitilar kashe ƙwayoyi duk a cire su. Na uku shi ne mafi muni, zuba maganin kashe kulorin ko na ɗaure ammoniya, irin Prime, a ruwan da ke da Cupramine. Yana sauya jan ƙarfen zuwa wani nau'i mai tsananin guba, kifi su mutu cikin sa'o'i. Idan ammoniya ta tashi, canjin ruwa ne kawai mafita. Na huɗu ƙafewar ruwa: ruwa yana tafiya ya bar gishiri da magani, ƙarfinsu ya ƙaru. Ka ja layi a gilashi, kullum ka cike zuwa layin da ruwan daɗi tatacce. Awo kuma kullum ne a makon farko, domin ko tsiraran tanki yana ɗan shan magani.

Kifin shak da dangoginsa masu guringuntsi ba a sa musu jan ƙarfe. Dokin teku, kifin mandarin, kifi mai kumbura, masu siffar maciji da wasu ƙananan kifin anjel suna shan wuya da shi, ko dai a hau da su a hankali ƙwarai, ko a bi wata hanya.

Rage gishiri

Ruwan teku yana da gishiri giram 35 a kowane kilo, nauyinsa a ma'auni 1.026. Idan aka sauke shi zuwa 1.009, wato giram 12, ƙwaron da ya bar jikin kifi ba ya jurewa, ruwa yana shiga jikinsa ya fashe. Kifi mai ƙashi kuwa lafiya lau, domin gishirin jininsa ma kusan sulusin na teku ne. Ana sauka cikin sa'o'i 48. Duk sanda ka maye rubu'in ruwa da na daɗi, daga 35 za ka koma 26, sannan 20, sannan ƙasa da 15 kaɗan. Na huɗu kada ya kai rubu'i, kashi ɗaya cikin shida ya isa, sai ka daidaita da awo. A riƙe a nan kwana 30 bayan ɓacewar ɗigo na ƙarshe.

Wahalar hanyar nan awo ne. A 1.011 ƙwaron yana iya rayuwa, ƙasa da 1.008 kuma ƙodar kifi ce ke wahala. Ma'aunin roba mai allura ba ya iya wannan aiki, sai rifraktomita, na'urar auna gishirin ruwa da haske, da aka saita. Ruwa mai ƙarancin gishiri yana saurin yin tsami, ka riƙa duba pH, ka gyara da ɗan bekin soda da aka narkar. Dawowa sama kuma a hankali ne, kada ya wuce 0.002 a rana, abin da zai ci fiye da mako guda. Kifi ya fi jure saukar gishiri a kan hawansa. Hanyar ba ta taɓa karan-miski ko kaɗan, an kuma samu wasu nau'o'in farin ɗigo, kamar a Taiwan, da ke jure ƙarancin gishiri. Kada a haɗa ta da jan ƙarfe, gubarsa tana ƙaruwa a irin wannan ruwa.

Sauyin tanki

Wannan dabara babu magani a cikinta, tsere ne da ƙwaro. Tushenta aikin wani mai bincike ne, Angelo Colorni, a Eilat ta ƙasar Isra'ila a shekarun 1980. Tunda kwanso ba ya fashewa kafin kwana uku, idan kana ɗauke kifi zuwa sabon tanki kafin sa'o'i 72 su cika, 'ya'yan ba za su taɓa iske shi ba. Rana ta 1 ya shiga, sai sauyi a rana ta 4, ta 7, ta 10 da ta 13. Ana buƙatar komai biyu-biyu. Wanda aka bari a wanke shi da bilic, a ɗauraye sosai, ya bushe ƙarau na aƙalla sa'o'i 24, domin bushewar ce ke kashe kwanson. Soso da dutsen iska ba sa bushewa har ciki, a zubar a sa sabo. A ɗauko kifin da matsami ko roba mai huji don kada tsohon ruwa ya biyo shi da yawa, kuma da safe ake yi. Ga kifin da ba ya jure jan ƙarfe, ban ga wadda ta fi ta ba. Amma sa'o'i 72 sun yi wa karan-miski yawa, zagayensa ya fi sauri.

Akwai kuma kulorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauron nan, miligiram 10 na garin fosfet ɗinsa tsantsa a kowace lita, kwana 30. Yana cin farin ɗigo da karan-miski duka, kifi da yawa kuma suna ci gaba da cin abinci a cikinsa. Aibinsa shi ne babu kayan gwajin gida da ke nuna nawa ya rage a ruwa, haske mai ƙarfi da gawayi suna rage shi, kuma shuɗin tang da wasu kifin ras ba sa jure shi. Ƙwayoyin da ake yi wa mutane akwai wasu abubuwa gauraye a ciki, ba su dace da awo na daidai ba.

Babban tanki fa?

A bar shi babu kifi ko ɗaya na kwana 76, wato 72 ɗin nan da ɗan ƙari. Murjani, jatan lande da katantanwa su zauna, ƙwaron ba ya cin su. Kowane kwanso zai fashe, 'ya'yan su rasa kifi, su mutu. Wasu suna taƙaitawa zuwa mako shida idan sun riƙe zafi a digiri 27 ko sama kaɗan, tunda zafi yana hanzarta fashewar. Wanda ya riga ya sha wahalar kwance duwatsu don kamo kifi, wata guda na ƙari ya fi masa araha da maimaita aikin. Ka riƙa sa ɗan abinci kaɗan duk bayan kwana biyu ko uku don bakteriyar matata kada su mutu da yunwa. Idan a tsakiyar wa'adin ka sa sabon murjani ko dutse jiƙaƙƙe daga tankin da ke da kifi, ƙidaya ta koma sifili, domin kwanso yana iya zuwa manne a jikinsa.

Tunda jinya kwana 30 ce, jiran kuma 76, kifin zai yi fiye da wata guda a ruwa marar magani kafin ya koma gida. Ka cire jan ƙarfen da canjin ruwa da gawayi, ka yi amfani da makonnin nan wajen sa ido. Idan akwai ƙwaron da ya tsira, a nan zai nuna kansa, kuma a nan ne za a iya ba da firazikwantel na tsutsotsin fata, miligiram 2.5 a lita, sau biyu da tazarar mako guda saboda ƙwansu.

Tafarnuwa tana iya jawo kifi ya ci abinci, iyakarta ke nan. Ɗaga zafi, wanda masu kifin ruwan daɗi suka saba da shi, a nan sauri kawai yake ƙara wa ƙwaron, ya kuma rage iskar ruwa ga kifin da dama kunnuwansa a cike suke. Kifi da jatan lande masu tsince jikin wasu ba sa kaiwa ƙarƙashin fata. Fitilar kashe ƙwayoyi tana kashe abin da ya bi ta cikinta ne kawai, ta rage yawa. Abin da ke sa a yaba wa waɗannan shi ne kifin da ya tsira daga kamun farko yakan samu kariyar jiki ta kusan wata shida, ɗigon su daina fitowa, ƙwaron kuwa yana nan yana zagayensa a ɓoye cikin kunnuwa. Ranar da hita ta lalace, ko aka kawo sabon kifi da bai taɓa haɗuwa da shi ba, sai ya fito fili. Shi ya sa kowane sabon kifi tankin jinya zai fara sauka, ya yi kwanakinsa 30 a can, sabon murjani da katantanwa kuma su yi nasu 76 a tankin da babu kifi.